Na'urar da Rakiya Ta Bari a Kunne

Rakiya ta rasu da asubahin yau Juma'a a asibiti, nan Maradi.

Mijinta ne ya kira ni bayan sallah. Ya faɗi maganar cikin jimla ɗaya. Na ci gaba da riƙe tawa wayar a kunne. Shi ya fara kashe wayar.

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Za a yi jana'izarta bayan sallar Juma'a, a ƙofar gidansu da ke Tsibiri.

Shekara goma sha tara ina aikin rediyo. Abu na farko da aka koya mini shi ne in raba abin da na tabbatar da abin da aka gaya mini. Yau ma haka zan yi.

Abin da na tabbatar: ranar Laraba bayan la'asar, tana komawa gida daga Jiratawa a kan babur ɗinta, ta yi karo da wata mota bayan ta ratsa Maradi ta fita. Ta bugu a kai. Ba ta farfaɗo ba. Jiya na gan ta, na kira sunanta sau biyu, ba ta motsa ba. Wanda ke da laifi ban sani ba, kuma don Allah kada a tambaye ni a ƙasan wannan rubutu.

Ga waɗanda ba su san ta ba: Rakiya mai aikin kwamfuta ce. Gyara tana yi, amma ainihin aikinta rubuta kode, wato umarnin da na'ura ke bi. Ta bar miji da 'ya'ya biyu da mahaifiya. Ba ta kai arba'in ba.

Na san ta shekara shida da suka wuce. Kwamfutata ta ofis ta mutu da hirarrakin wata guda a cikinta, muryoyin mata da na bi ƙauye-ƙauye na ɗauko gabanin zaɓe. Na zauna ina kallon baƙin allo kamar wadda aka yi wa sata. Ita kuma ta shigo gyaran injin buga takardu ne. Ta dube ni, ta ce, "Yaya, kuka za ki yi ko za ki matsa in duba?"

Kwana uku ta yi, ta dawo mini da komai, ban da hira ɗaya.

Na tambaye ta me zan yi mata. Ta ce in gai da mahaifiyarta a shirina na safe, in faɗi sunan unguwarsu daidai, don tsohuwar ba ta kashe rediyo. Na gaishe ta. Har yau ina gaishe ta duk Litinin.

Tun daga ranar na zama Yaya Zara, ita kuma ta zama mai yi mini faɗa a kan yadda nake sa wa aiki suna a kwamfuta. Ta taɓa buɗe wani wuri ta karanta da ƙarfi a gaban abokan aikina: "Sabo. Sabo biyu. Sabo na gaske. Sabo na ƙarshe wallahi." Ta ce, "Yaya Zara, har rantsuwa kike yi wa na'ura?"

Ita ta ƙara wa Innata girman rubutu a salula, ta zauna da ita har ta iya nemo lambar ƙanena da kanta.

Tun da aka rufe iyaka, wutar da muke samu daga Najeriya ta yanke, ofishinmu na Sabon Gari ya zama zangonta, don muna da sola. Za ta shigo da rana da ƙullin zogale daga Jiratawa, ta ajiye mini a kan tebur, ta jona na'urarta, ta ce, "Ga kuɗin wuta." Ni kuma in sa a dafa, mu yi kwaɗo mu ci da hannu a bayan ɗakin watsa shiri.

Zan faɗi aikin da take kai lokacin da ajali ya same ta. Ba don in cika ku da maganar kwamfuta ba. Don aikin bai ƙare ba, kuma akwai waɗanda abincinsu ke rataye da shi.

Akwai wata ƙungiyar masu noman rani a gefen Jiratawa. Ba zan faɗi sunanta ba. Suna da rijiyoyi da injinan ban ruwa, an yanka filin gida-gida, kowane yanki ana ce masa parsal, kowace parsal da lambarta. Guda ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Babban littafin ƙungiyar ruwa ya ci shi a wata ambaliya, shi ya sa suka nemi Rakiya ta gina musu ma'ajiya a cikin kwamfuta: wa ke da wace parsal, wa ke nomanta, wace rana ruwa zai je masa.

Bana aka sake rajista, don sunayen mamata sun yi yawa a tsohon jeri. Dokar ƙungiyar ta ce parsal ɗin da har yanzu take da sunan mamaci, babu magajin da ya karɓa a rubuce, za ta koma hannun ƙungiya a ba wani. Kuma masu jira sun yi yawa bana. Samarin da ke cin abinci a hanyar iyaka duk sun dawo gida, kowa yana neman inda zai dasa albasa.

Gobe Asabar ne taron da za a karanta sabon jerin.

Takardar rajistar tambaya biyu ce a kanta. Parsal ɗin taka ce ko aro ce? In aro ce, wa ya ara maka? Rakiya ta rubuta kode ɗinta a kan haka. In na'ura ta ga aro, sai ta tafi wurin wanda ya ara, ta rubuta layi ɗaya a ma'ajiya cewa ta bi ta nan. In shi ma aro ya ce, ta ƙara gaba. Ba za ta tsaya ba sai ta iske wanda ya ce tawa ce.

Mako biyu da suka wuce ta kunna don jerin ya fito. Bai fito ba.

Na'urar ta yi ta aiki. Ta yi zafi. Da Rakiya ta duba, ma'ajiyar da ba ta kai girman hoto goma ba ta kumbura har ta kusa cinye diski gaba ɗaya. Ta kashe da sauri. Ta sake kunnawa, haka. Su a aikinsu suna ce masa bukul, wato na'ura ta shiga kewaye, tana zagaye wuri ɗaya babu ranar fita. Nan kuma duk zagaye ɗaya sai ta rubuta layi. Rakiya ta ce mini, "Kamar wanda aka aika kira ne, kowane gida ya je a ce masa yana gidan gaba, shi kuma duk ƙofar da ya taɓa sai ya ajiye bulo. Wata rana garin zai toshe."

Abin da ya fi tayar mata da hankali: kwafi mai tsabta yana kan wani diski da ya ƙone ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Ta zagaye shaguna ba ta samu irinsa ba, kaya suna tsaye a iyaka. Wanda ya kumbura kuma ya fi ƙarfin 'yar kile, wato ƙaramar ma'ajiyar aljihun da take ɗaukar aiki da ita. Kwafi ɗaya ke nan a duniya, a kan tsohuwar na'ura, a buron ƙungiya, wato ofishinsu.

Kwana tara ta yi a kai. Na ga bakwai daga ciki da idona.

Da farko ta zargi ɗaukewar wuta. Ta ce wataƙila an yanke ta na'urar tana tsakar rubutu, wani abu ya karye. Ta bi ta duba, babu. Sai ta zargi diski. Sai ta zargi sunaye, don a wurin akwai Isufu ya kai goma sha biyu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da biro. Babu.

Ba ta cika magana ba a kwanakin nan. Zogale ma ta manta da shi. Wata rana na ce mata, "Ki ce musu na'ura ta lalace mana, kowa ya san halin da ake ciki." Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke kina faɗin labari a rediyo don kowa ya san halin da ake ciki? Ko sai kin tabbatar?"

Na koma kan aikina.

Sai ta koma rabawa. Ta kwafo sunayen kawai a na'urarta, ta raba su biyu. Rabin farko ya wuce lafiya. Rabi na biyu ya maƙale. Ta raba na biyun biyu. Haka ta yi ta yi, tana ƙidaya lokaci a agogon bangon ofishinmu, in ya wuce minti biyar bai fito ba ta yanke shi. Ranar Lahadi da hantsi saura parsal takwas. Sai ta sa na'urar ta riƙa nuna duk sunan da ta taka a kan allo.

Ta ce, "Yaya Zara, zo ki gani."

Na leƙa. Sunaye biyu ne suke gangarowa kamar ruwan indararo.

Nomau. Tanko. Nomau. Tanko. Nomau. Tanko.

Parsal mai lamba arba'in da bakwai. Ta ciro takardun biyu daga dosiye, wato fayil. A ta Nomau an rubuta: aro ce, ƙanena Tanko ya ara mini. A ta Tanko an rubuta: aro ce, wana Nomau ya ara mini.

Ta daɗe tana kallon takardun. Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta ce, "Laifina ne. Na rubuta kode kamar dole kowace gona a samu wanda zai buɗe baki ya ce tawa ce. 'Yar Tsibiri ce ni fa. Ya kamata in san mutanenmu."

Ranar Litinin ta ce in raka ta wurinsu. Wannan shi ne dogon zamanmu na ƙarshe.

Mun iske su a bakin parsal ɗin, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Baba Nomau dogo ne siriri, ya ba saba'in baya. Baba Tanko gajere, kuma tsakaninsa da wansa bai fi shekara huɗu ba. Gefe ɗaya zogale, gefe ɗaya an gyara fangali ana jiran irin albasa. Babu shinge a tsakani.

Bayan gaisuwa Rakiya ta durƙusa, ta ce, "Baba, tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Parsal ɗin nan ta wa ce?"

Baba Nomau ya nuna ƙanensa da sanda. "Ga mai ita nan."

Baba Tanko ko kallonsa bai yi ba. "Ɗiyata, kada ki biye mishi. Ta Yaya ce."

"Kin ji shi ko? Tun yana yaro haka yake, gardama kamar akuyar maƙwabta. Ɗiyata, ki rubuta. Tsohonmu ya rasu, na tafi kudu neman abinci, na ce shekara biyu. Shekara goma sha takwas na yi. Wa ya noma wagga gona? Wa ya ciyar da iyalina? Wa ya aurar da ɗiyata ta fari? Na dawo da jaka ɗaya da tari. In ce mishi tashi, tawa ce?"

"Riƙo na yi."

"Riƙon shekara goma sha takwas?"

"Ko arba'in ce. Yaya yana raye, a rubuta sunana a gonar tsohonmu? Da wane ido zan shiga masallaci?"

"Da wannan guda ɗayan da ya rage maka."

Muka yi dariya, har da Baba Tanko, wanda idonsa na hagu ya yi hakiya.

Rakiya ta yi musu bayani a hankali. Ta ce na'ura tana zuwa wurin Baba Nomau ya tura ta wurin Baba Tanko, Baba Tanko ya maido ta, kwana tara ke nan tana safa da marwa, kuma saboda haka jerin kowa ya tsaya.

Baba Nomau ya ce, "Mi? Duk garin ga mu muka tsai da su?"

"Ku ne, Baba."

Ya dubi ƙanensa da wani irin alfahari. Sannan ya ce, "To ki ce wa akwatin naki ya zauna ya huta. Mu shekara talatin muna haka, ba mu gaji ba."

Ta ce, "Baba, ku kuna barci. Shi ba ya yi."

Baba Tanko ya ce, "Akwatin ne ba shi da tarbiyya. So yake ƙane ya tsaya gaban wansa ya bugi ƙirji."

Daga nan ta daina dariya. Ta gaya musu gaskiya. Ta ce in sabon jeri bai fito ba kafin Asabar, da tsohon za a yi aiki, kuma a tsohon, sunan mahaifinsu ne a kan lamba arba'in da bakwai. Magadan sauran mamatan duk sun sa hannu a takardar karɓa, suna riƙe da tasu. Su kaɗai ne ba su da ita, don babu wanda ya yarda ya sa hannu a matsayin mai gona. Za a karɓe ta a ba wani.

Na ga hannun Baba Tanko ya tsaya a kan fartanyarsa. Gida biyu ne ke ci a wannan ɗan filin. Na ƙirga yara bakwai da suka kawo musu fura a ɗan zaman da muka yi, kuma an ce ba su ke nan ba.

Baba Nomau ya ce, "To ka sa hannu mana, kai."

Baba Tanko ya ce, "Ka sa, Yaya."

Ko a lokacin. Wallahi ko a lokacin.

Daga can muka wuce buro, muka iske perizidan, wato shugaban ƙungiyar. Ina so a fahimce ni, mutumin kirki ne, kuma nauyin gida fiye da ɗari biyu ne a kansa. Ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Madam Rakiya, abin nan mai sauƙi ne. Ki goge takarda ɗaya, ki danna sunan babban. Wa zai sani?"

Ta ce, "Alhaji, minti ɗaya zai ɗauke ni. Amma in na danna, ni na raba musu gado. Ba a ɗauke ni wannan aikin ba."

Ya ce, "To mi kike so in yi? Mutane sun jiƙa iri. In ce musu su jira tsofaffi biyu su gama kunyar juna?"

Ta ce ya ba ta zuwa Juma'a. Za ta koya wa na'urar abu biyu. Na farko, ta riƙa tuna ƙofar da ta riga ta taɓa, in ta sake ganin kanta a wurin ta tsaya. Na biyu, ta buɗe gurbin da parsal ɗaya za ta ɗauki suna biyu, duka masu ita. Ta ce tsofaffin ba za su ƙi sa hannu tare ba.

Alhaji ya ce dokar ba ta hana suna biyu ba, ba a dai taɓa yi ba. Ya ce in jerin ya fito da sunayensu biyu, shi da kansa zai karanta shi haka a gaban taro. In bai fito ba, ba shi da abin da zai riƙe ya nuna wa masu jira.

Ta ce, "Na yarda."

A hanyar dawowa ina bayanta a kan babur, na ce mata, "Ke da kin danna ɗin nan da yanzu kin huta." Ta ce, da ƙarfi don iska, "Yaya Zara, shekara talatin suna ba juna gona. Ni ce zan zo da yatsa ɗaya in ce wani ya karɓa?"

Talata ba ta zo ofishinmu ba. Laraba da azahar ta biyo, a tsaye, ko zama ba ta yi ba. Ta ajiye zogale. Ta ce ta gwada sabon kode a kan sunaye takwas ɗin, ya tsaya lafiya. Saura babban aikin: a sake shi a kan ainihin ma'ajiyar, ya bi ya share tarin layukan banzan da kewayen ya rubuta, sannan ya fitar da jeri. A tsohuwar na'urar nan zai iya ɗaukar kwana biyu.

Na ce, "In kuma akwai wani kewayen da ba ki gani ba?"

Ta ce, "Shi nake tsoro. Wurin da ya rage a diski kaɗan ne. In ta sake shiga zagaye za ta cika shi, kuma in ta cika tana tsakar rubutu, ban san abin da zai rage ba."

Na ce, "To ki bari mana."

Ta ce, "In na bari, arba'in da bakwai ta tafi. In na yi, wataƙila."

Ta ɗauki hularta ta babur. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki dafa zogalen nan yau, kada ki bar shi ya yi yaushi kamar na wancan makon."

Maganarta ta ƙarshe da na ji ido da ido ke nan.

Da la'asar ta turo mini saƙon murya daga Jiratawa. Tun jiya na saurare shi ya fi sau goma. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Yaya Zara, na kunna. Na jona ta da batirin sola, ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Na kulle buro, na manna takarda kada kowa ya taɓa har in zo. In ta gama lafiya, layin ƙarshe zai ce alhamdulillahi na gama, da lamba ɗari biyu da sha huɗu. Ni na sa ta ta faɗi haka, ita ma ta koyi tarbiyya. Ki yi mini addu'a. Na kama hanya."

Bayan wannan saƙon da kamar awa ɗaya abin ya faru.

Tun safe mutane ke rubuto mini cewa ta yi musu kaza, ta yi musu kaza. Wata ta ce ta ceto mata hotunan mijinta da ya rasu. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce ta koya wa 'yan ajinsa mata kunna kwamfuta ranakun Asabar har shekara guda, ni ban ma taɓa sani ba. Ku ci gaba da rubutowa. Zan tara in kai wa mahaifiyarta, in karanta mata da bakina.

Ni abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun asuba daban ne, kuma ina jin kunyar faɗinsa. Ƙawata tana kwance ana shirin yi mata sutura, ni kuma hankalina yana kan wata tsohuwar na'ura a ɗaki kulle. Na yi ta yi wa kaina faɗa. Sai na tuna cewa da ita ce a matsayina, da can hankalinta yake.

Ga yadda abubuwa suke zuwa yanzu.

Makullin buron yana cikin jakarta. Jakar tana hannun jandarmomin da suka je wurin hatsarin. Ƙanen mijinta zai je karɓa bayan jana'iza. Na kira Alhaji perizidan, ya ce kwaɗo ne, ana iya yanke shi, amma shi ba zai yanke kwaɗon da ta kulle da hannunta ba a ranar da ake binne ta. Ban yi masa gardama ba. Na roƙe shi ya ɗaga taron gobe. Ya ce ba shi kaɗai ne ba, zai yi magana da sauran, bai yi mini alkawari ba.

An gaya mini Baba Nomau da Baba Tanko sun kama hanyar Tsibiri tun da hantsi, su biyu a kan babur ɗaya na haya. Wannan ban tabbatar ba.

Roƙona biyu ne.

Na farko, in akwai wanda ya san aikin kode da ma'ajiyar bayanai a nan Maradi, mace ko namiji, ya rubuto mini ta akwatin saƙo. Ina so wanda ya san abin da yake kallo ya kasance a wurin lokacin da za a buɗe ƙofar. 'Yan ƙungiya kuma, don Allah, kada wanda ya kashe na'urar, kada wanda ya cire waya, ko da kun ga kamar ta mutu.

Na biyu shi ne babba. Ku yi mata addu'a. Ba sai kun rubuta a nan ba. A sujadarku ta Juma'a, ku ambaci sunanta: Rakiya.

Ya Allah, baiwarKa ce, ta zo gare Ka ba shiri. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi. Ta ƙi taɓa haƙƙin mutum biyu alhali babu mai ganinta sai Kai, Ka sa ta iske wannan a gabanta. Ka ba mahaifiyarta da mijinta haƙuri. Ka raya 'ya'yanta, Ka haɗa su da masu yi musu irin abin da ta yi wa mutane. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da kyau.

Duk wanda ya karanta har nan, ya ce amin, ya ƙara mata da nasa.

Yanzu ina ɗaura ɗankwali zan fita, Hamisu sakataren ƙungiyar ya kira ni daga Jiratawa. Ya ce ya leƙa ta tagar buron. Na'urar tana kunne, allon yana haske, rubutun da ke ta gangarowa tun Laraba ya tsaya.

Na ce ya karanta mini layin ƙarshe. Ya ce teburin ya yi nisa da tagar, ba ya iya gani.

Ta tsaya, wannan ya tabbata. Ko gamawa ta yi, ko diskin ne ya cika, sai an buɗe ƙofa.